Gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya: har yau ba mu biya Ɗan Maraya haƙƙinsa ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga tasi daga Taminus a Jos zan je Bukuru gaisuwar rasuwa. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, kowa ya ɗosana gefen cinya ɗaya. Direban dattijo ne, furfura ta cinye masa rabin gemu. Muna fita daga cunkoso ya danna rediyon motar, sai ga kuntigi ya tashi, muryar nan mai kaifi ta biyo baya.

Wani saurayi da ke kusa da ni, da jakar kwamfuta a kan cinya, ya yi tsaki ya ce, "Baba direba, don Allah a canza mana. Waƙar maroƙa da sassafen nan?"

Direban ya dube shi ta madubi. "Yaro, ka san wane ne wannan kuwa?"

"Ba Shata ba ne?"

Wata mata da ke gaba, wadda daga jin Hausarta ka san ba da ita ta buɗi baki ba, ta juyo gaba ɗaya ta ce, "Kai ɗan ina ne? Ɗan Maraya ne ba ka sani ba?" Yaron ya ce shi haifaffen Unguwar Rogo ne, a nan cikin Jos. Matar ta riƙe baki, ta juya, ba ta sake cewa komai ba har muka sauka.

Abin ya tsaya mini a rai har yau, kuma ba yaron nake zargi ba. Abin da ya tarar shi ya ɗauka. Ra'ayina dai shi ne: Ɗan Maraya Jos yana sahun farko na masu tsara waƙa da Hausa ta samu a ƙarni na 20, mu ne muka tura shi sahu na biyu, kuma da ma'auni karkatacce muka yi hakan. Mun saba auna mawaƙi da girman wanda ya wasa da kuma yawan gangunan da ke bayansa. Shi kuwa leburori da yaran mota ya wasa, kayan aikinsa kuma gwangwanin kifi ne.

Ga wanda bai sani ba, a taƙaice: sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin ne ya riƙe shi, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi. A wata tafiya da ya yi Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, ya dawo gida ya haɗa nasa. Da shi ya rayu har Allah ya karɓi ransa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, a farkon azumin shekarar.

"Ai an karrama shi"

Wannan ce amsar farko da ake ba ni duk lokacin da na ta da maganar. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta MON, ta ƙara masa da OON. Ana kiran sa Dokta. Ya fita ƙasashen waje da kuntiginsa. To me kuma ake so?

Ban musa ba, kuma na ji daɗi da ya ga waɗannan da idonsa. Amma lamba ta mutum ce, ana rataya masa a wuya, ya rasu a sa ta a akwati. Tambayata a kan aikin take. Ina aikin yake?

Watannin baya na je wajen yaran nan masu tura waƙoƙi a waya, na ce a zuba mini duk abin da suke da shi na Ɗan Maraya. Yaron ya karɓi katin wayar, cikin minti biyar ya miƙo mini. Da na isa gida na buɗe, sai na ga yawancinsu ba su da suna, lamba ce kawai: 1, 2, 3. Waƙa guda ta fito sau uku da tsayi daban-daban. Wata ta yanke a tsakiyar baiti, ka ji alamar daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ya ƙare ba a juya ba. Wata kuma an liƙa mata muryar wani yana tallan shagonsa a kan kiɗan. Biyu daga ciki ma ba nasa ba ne, na wani mai gurmi ne.

Babu shekara. Babu inda aka ɗauka. Babu wanda zai ce maka wannan ya yi ta yana saurayi, wannan kuma bayan ya manyanta. Mutumin da ya yi sama da shekara hamsin yana aiki, abin da ya rage a hannun jama'a ke nan, tarkace a katin waya. In wannan ce karramawa, ban san me ake kira wulaƙanci ba.

"Kalmominsa ba su da zurfi"

Wannan ƙorafin 'yan boko ne da masu son waƙar fada, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sukan ce: saurari Narambaɗa, saurari Ɗanƙwairo, ka ji Hausa mai nauyi, ka ji zambo da habaici da kirari wanda sai ka nemi dattijo ya warware maka. Shi kuwa Ɗan Maraya magana yake yi kawai, irin ta bakin titi, yaro ɗan shekara goma ma ya gane.

Gaskiya ne yaro ya gane. Inda muka rabu shi ne, su suna ganin gazawa ce, ni ina ganin gwaninta ce.

A tuna inda ya tashi. Bukuru ta shekarun 1940 da 1950 garin kuza ce. Nan babban kamfanin haƙar kuza na Turawa, ATMN, ya kafa hedkwatarsa. Lokacin yaƙin duniya na biyu an yi ɗiban gwamna, aka kwaso mutane daga lardunan Arewa aka zuba su a ramukan kuza ko suna so ko ba sa so. Wasu kuma da ƙafarsu suka zo neman kuɗin haraji da na aure. A bariki guda za ka tarar da Bakano da Basakkwace da Babarbare da Birom da Angas da Tibi da Ibo, kuma harshen da ya haɗa su a wurin awo da wurin mai tuwo Hausa ce. Amma ba Hausar zauren sarki ba. Hausa ce miƙaƙƙiya, wadda aka sauke mata kaya don kowa ya iya ɗauka.

Narambaɗa yana waƙa a gaban Sarkin Gobir na Isa, a tsakiyar mutanen da suka san kakan kowa da tarihin kowace gaba, don haka kalma ɗaya ta ishe shi ya soki wani. Ɗan Maraya yana waƙa a gaban mutanen da ƙauyukansu ma ba su san sunan juna ba. Da ya yi musu irin ta fada, da shi kaɗai zai ji kayansa. Sai ya zaɓi abin da ya fi wuya: ya faɗi magana mai nauyi da kalmomi marasa nauyi. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yi wa yaro bayanin mutuwa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Shi ya sa matar nan ta cikin tasi ta fi ɗan Unguwar Rogo jin zafin abin. Tata ce waƙar, kamar yadda take tawa.

Sannan a dubi yadda yake aikin. Shata, Allah ya jiƙansa, yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi. In ya jefa baiti, amshi ya ɗauka, shi kuma ya sami numfashi ya shirya na gaba. Mawaƙan fada haka, ga sanƙira yana cike gurbi. Ɗan Maraya ba shi da kowa. Gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, ɗan sanda, tsirkiya guda. Shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne amshi. In ya yi shiru, filin ya yi shiru. Kuma cikin wannan ƙuncin yake shigo da mutane cikin waƙa su yi magana, miji ya faɗi tasa, mata ta mayar masa, mai gulma ta shigo da sallamarta ta munafunci. Wasan kwaikwayo ne cikakke a bakin mutum ɗaya. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Kawuna da waigi

Bari in faɗi abin da ya sa ba na iya yin wannan muhawara da sanyin rai.

Ƙanin mahaifiyata yaron mota ne shekara da shekaru kafin ya sami tuƙi. Babbar mota ce mai bodin katako, suna ɗaukar dankali da kayan gwari daga Jos su gangara kudu. Ina yaro na taɓa bin su sau ɗaya lokacin hutu. A dawowa, a Hawan Kibo, motar ta fara nishi, ta yi ta ja da ƙyar, can sai ta tsaya cak ta fara alamar komawa baya. Kafin in gane abin da ke faruwa Kawu ya riga ya dira. Na leƙa ta tsakanin katakai na gan shi yana gudu a gefen motar, ba takalmi, rungume da waigi, wani guntun icce mai nauyi da ya sha baƙin mai. Ya durƙusa dab da tayar baya, tayar da ta fi shi tsayi in yana tsugune, ya cusa shi. Motar ta yi wata girgiza ta tsaya. Direba ya leƙo ta taga, bai ce sannu ba, sai cewa ya yi, "Kai, don ubanka, sai yanzu?"

Da dare a tasha direba ya shiga ɗaki, Kawu ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota. Haka rayuwar take. Sunan aikin ma ai ya isa: karen mota. Ba a ba su aure da sauƙi, ba a ba su wurin zama a taro.

Waɗannan mutanen Ɗan Maraya ya ɗauki kuntigi ya yi wa waƙa, kuma Waƙar Karen Mota tana cikin waɗanda suka fara fito da sunansa. Kawu yana da kaset ɗinta, ya naɗe shi a leda ya sa a aljihun gaban riga. In tef ɗin ya sarƙe, da bairo yake mayar da shi a hankali, kamar mai ɗinkin ido. Ban taɓa jin ya ce waƙar ta yi daɗi ba. Abin da yake cewa shi ne, "Mutumin nan ya san mu."

Ku gaya mini, a tsarin roƙo na gargajiya, me yaron mota zai ba mawaƙi? Doki? Riga? Kujerar Makka? Wanda ya wasa sarki ya san abin da yake jira. Wanda ya wasa karen mota da lebura ya san babu abin da zai biyo baya sai sulai da godiya. Duk da haka ya yi. Wannan zaɓi ne, kuma zaɓin ne ya raba shi da sauran.

Haka ya shiga cikin gidaje. Jawabin Aure kan zaman miji da mata ne da abin da ke kai su ga saki. Auren Dole sunanta ya faɗi abin da ta ƙunsa, kuma ya yi ta tun zamanin da uba ke ba da 'yarsa ba wanda ya isa ya ɗaga masa murya, tun kafin ƙungiyoyi su fara taron bita a otal-otal na Abuja kan wannan magana. Gulma Wuya kan masu shiga tsakanin ma'aurata ne su raba. Mai Akwai da Babu kan mai shi da marar shi. Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali kuwa ta zama karin magana, har waɗanda ba su san daga bakin wa ta yaɗu ba suna faɗin ta a kasuwa.

"Shi ma ai ya yi roƙo, ya yi wa gwamnati waƙa"

Ya yi. Ya wasa masu kuɗi da masu mulki, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, an gan shi a tarukan manya har ƙarshen rayuwarsa. Ba zan wanke shi in mai da shi waliyyi ba. Wasu daga cikin waɗannan waƙoƙin sun mutu tare da bikin da aka yi su dominsa, kuma ba asara aka yi ba.

Amma a ƙasar da mai kwafar kaset ya fi mai waƙar cin riba, da me ake so ya ci abinci? Kuma in za a auna mutum, da abin da ya bambanta shi ake auna shi, ba da abin da kowa ya yi ba. Yabon manya kowa ya yi. Karen mota shi ya yi.

Masu cewa kiɗa bai halatta ba kuwa, ba zan yi jayayya da su a nan ba, fagen malamai ne. Abin da zan ce kawai, a ajiye kuntigin gefe, a rubuta kalmomin a takarda, a karanta. Mai wa'azin da zai ƙi abin da ke cikin Jawabin Aure sai ya faɗa mana wane layi ne.

Na wa ne shi?

Akwai wani dalili da ba a cika son faɗa ba, ni kuwa zan faɗa. Ɗan Maraya ya faɗa tsakanin gida biyu. A Kano da Sakkwato da Katsina, in ana lissafin manyan mawaƙa, akan tuna da shi a ƙarshe, kamar baƙon da ya zo daga wani gari mai sanyi inda Hausa ta gauraya. A nan Filato kuma, tun daga rikicin Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, komai sai an tambayi na wane ɓangare ne, har waƙa. Garin da ya rabu unguwa-unguwa, kowa yana lissafin inda zai bi da inda ba zai bi ba, da wuya ya haɗu ya ce wannan namu ne gaba ɗaya.

Alhali kuwa mutumin ya ɗauki sunan garin ya liƙa a jikin nasa, ya zaga duniya da shi.  Ni a ganina, in akwai abu guda da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci a garin nan za su zauna su saurara tare ba wanda ya tsargu, to muryarsa ce. Mun bar wannan dukiya tana ruɓewa muna ta kashe kuɗi a tarukan zaman lafiya.

"Zamaninsa ya wuce"

Matasa suna da nasu mawaƙan, suna da fiyano da situdiyo, kuma ba na cikin masu zagin su. Kowane zamani da kiɗansa. Ba cewa nake a tilasta wa ɗan shekara ashirin ya so kuntigi ba. Cewa nake ya kamata ya san akwai shi, ya san na garinsu ne, in ya so daga baya ya ƙi.

Kuma matsalolin da ya yi waƙa a kansu ina suka je? Yaron mota ya zama ɗan acaɓa da mai Keke da mai tura baro a Farin Gada. Auren dole yana nan. Gulma ta bar zaure ta koma WhatsApp, ta ƙara gudu. Wanda aka rasa shi ne mai yi musu waƙa. Yau in ka ji sabuwar waƙar Hausa, in ba soyayya ba ce to ɗan takara ake wasawa.

Abin da ake buƙata ba gagarumi ba ne, kuma kayan aikin duk suna garin nan. Ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, a Jos take. Gidan tarihin Jos yana nan tun 1952. Ga Jami'ar Jos. Ga gidajen rediyo a nan da Kaduna waɗanda suka shekara suna sa waƙoƙinsa, ga dattawan da ke da faya-fayan garmaho da kaset a ƙarƙashin gado. A tattara, a tace sautin, a jera su da sunayensu da lokutansu gwargwadon abin da masu rai suka tuna, a rubuta kalmomin a buga ɗan littafi mai araha da malamin Hausa a sakandare zai iya riƙewa. Kundayen da ɗalibai suka rubuta a kansa a sassan Hausa na jami'o'i a sauko da su daga kanta a kaɗe musu ƙura. Dokar haƙƙin mallaka ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka duk abin da aka samu akwai magada da ke da rabo a ciki, ba masu liƙa tallan shago ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutanen. Waɗanda suka zauna da shi, suka san wace waƙa aka yi a wane gida da kuma dalilinta, yawancinsu sun manyanta. Kowace damina ana rage su. Kawuna ma da zan tambaya ya riga mu gidan gaskiya, kaset ɗin nan na cikin leda kuwa ba wanda ya san inda ya shiga ranar rabon kaya.

Da na dawo daga Bukuru ran nan, na tsaya a shago na sayi kifin gwangwani, irin mai faɗin nan, muka ci da burodi ni da yara, na wanke gwangwanin na ajiye a kan taga. Wani maƙwabcina mahauci ya yi mini alkawarin guntun fatar akuya. Ƙaramin ɗana ya tambaye ni me zan yi da shi, na ce kuntigi za mu haɗa. Ya ce, "Baba, mene ne kuntigi?" Na kunna masa lamba 4 a katin wayar nan, wadda ta yanke a tsakiya. Ya saurara har inda ta tsaya, ya ce in sa masa sauran.

Mako guda ke nan ina tambaya, daga Gangare har Dilimi, ko akwai wanda ya iya ɗaura tsirkiyar. An ce akwai wani tsoho a Bukuru, wajen tsohuwar tashar jirgi. Asabar mai zuwa zan je in duba.